Faifai na Bakwai

Saudat Dogara ta shekara biyu a Guangzhou kafin a yarje mata ta taɓa tsohon fim da hannunta. 'Yar Gwale ce a birnin Kano, ta zo karatun digiri na biyu a fannin adana finafinai, fannin da ko mahaifiyarta ba ta iya yi wa maƙwabta bayaninsa. In an tambaye ta sai ta ce, "Tana can China tana karatun na'ura." A shekaru biyun nan aikin Saudat bai wuce goge gwangwanaye da rubuta lamba a jikinsu ba, sai kallon yadda malamarta, Farfesa Liang, ke aiki. Mace ce 'yar siririya mai furfura, ba ta da yawan magana, ba ta kuma yabon ɗalibi. In ta duba aikinka ta gyaɗa kai kawai, ranar sai ka yini da farin ciki.

Da damina ta faɗi a shekara ta uku, ana cikin gyaran wani tsohon gida a unguwar Liwan, ma'aikata suka ɓalle silin suka tarar da wani akwatin ƙarfe, a cikinsa gwangwanayen fim guda bakwai. Mai gidan wata tsohuwa ce 'yar shekara casa'in da biyu, kowa Popo yake ce mata, wato kaka. Ɗanta Mista Lo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, shi ya kira jami'a. Farfesa Liang ta tafi da Saudat ɗauko kayan.

A ranar Saudat ta ji tarihin fim ɗin. An yi shi a 1931, lokacin da finafinai ba sa magana, sai dai a nuna hoto, a tsaya a nuna rubutu, makaɗi yana gefen allo yana kiɗa. Daga wani littafin soyayya da ya yi tashe a zamanin aka ɗauko labarin, sunansa in an juya shi da Hausa zai zama kamar "Jirgin da Ya Makara". Labarin wata yarinya ce mai sayar da faten shinkafa a kwalekwale, da saurayinta da ya tafi ƙetaren teku neman aiki. Aka kawo mata labarin ƙarya cewa ya mutu, ciwo ya kama ta, ya dawo kwana ɗaya bayan an binne ta. An daɗe ana zaton fim ɗin ya ƙone lokacin yaƙi.

Popo tana zaune a kujerar gora, tana fifita da mahuci. Yaren Kanton take ji, Saudat kuwa Mandarin ta koya, don haka Mista Lo ke fassarawa. Tsohuwar ta nuna akwatin da mahucin ta yi magana.

"Ta ce wadda ta fito a matsayin yarinyar kwalekwalen mahaifiyarta ce," in ji Mista Lo. "Ta rasu ita tana wata takwas. Hotunan gida duk sun salwanta. Ba ta taɓa ganin fuskarta ba."

Popo ta ƙara wata magana, wannan karon tana kallon Saudat, har da kama mata gefen mayafi tana shafawa.

"Ta ce ki yi sauri, 'yan mata, ita ba ta da lokaci irin naku."

Aka yi dariya. Saudat ta ce in Allah ya yarda za ta gan ta.

Da aka buɗe gwangwanayen a ɗakin gyara, uku sun riga sun zama garin ƙasa mai wari, babu abin da za a tsinta. Uku sun buɗu da ƙyar, aka ɗauki hotunansu a na'ura, aka samu minti goma sha ɗaya. Ga kogi, ga kwalekwale, ga mutane suna tafiya da sauri-sauri. Ga yarinyar kuma, amma kullum daga nesa, ko ta ba da baya, ko babbar hular kaba ta rufe mata fuska. Saudat ta karanta littafin sau biyu da ƙamus a gefe, ta san a babin ƙarshe yarinyar take kwance tana jinya. In akwai inda mai ɗaukar hoto ya matso kusa da fuskarta, to a faifai na bakwai ne.

Shi kuwa na bakwai ya manne da kansa, ya zama kamar dunƙulen alewa. Farfesa Liang ta sa shi a wani akwatin gilashi mai tururin magani don ya saki a hankali.

"Sati shida," ta ce. "Ko kwana ɗaya kada a rage. Ki riƙa duba ma'auni safe da yamma ki rubuta. Kada ki buɗe."

A sati na uku ta tafi Beijing taro na sati guda, ta bar wa Saudat makullin ɗakin. Shi ne karo na farko da ta ba wani ɗalibi makulli.

Kwana biyu da tafiyarta Mista Lo ya kira wayar ofis. Ya ce Popo ta faɗi a banɗaki, an kwantar da ita a asibiti, huhunta ya cika da ruwa. Likita ya ce a kira 'yan uwa. In ta farka ba ta tambayar kowa sai fim. Ya ce ba wai yana matsa musu ba ne, yana dai tambaya ko akwai yadda za a yi. Saudat ta kira malamarta sau uku, waya a kashe, tana ɗakin taro. Ta rubuta saƙo, ta karanta, ta goge, don ta san amsar da za a ba ta.

Ta yi sallar azahar a bayan ƙofa, inda ta saba shimfiɗa dardumarta. Bayan ta idar ta daɗe a tsaye gaban akwatin gilashin. Gefen faifan ya yi laushi, har bakinsa ya ɗaga kaɗan. Ta ce wa kanta taɓawa kawai za ta yi ta ji. Ta sa safar hannu.

Da farko ledar fim ɗin ta yi ta saki ba gardama, kamu ɗaya, kamu biyu, har ta kai tsawon tebur. Ta kunna fitilar ƙarƙashin tebur, ta ɗora gilashin ƙara girma, sai ga fuska ta cika hoton, mace kwance a kan matashi tana kallon ta. Saudat ta bi hotunan ɗaya bayan ɗaya, ta manta da kanta, ba ta san tsawon lokacin da ta ɗauka a sunkuye ba. Na'urar ɗaukar hoto tana bukatar leda mai tsawo kafin a iya zura ta, saura kamar kamu huɗu. Ta ci gaba da warwarewa.

Sai ta ji wata 'yar ƙara, kamar an ɓare takarda daga jikin bango. Hoton ya rabu da ledar, rabi ya bi sama, rabi ya manne a ƙasa. Tsoro ya sa ta yi abin da ya fi muni: ta yi ƙoƙarin naɗe abin da ta warware ta mayar yadda yake. Ledar da ta sha iska ta soma yauƙi, ta manne da 'yar uwarta, ta manne da safar hannunta. Da ta ɗago hannu, abin da ke jikin yatsunta wani ruwan ƙasa ne mai danƙo. Fuskar nan duk ta tafi.

Ta mayar da faifan cikin akwatin, ta goge tebur, ta rubuta ma'aunin yamma a littafi kamar kullum.

Washegari Asabar ce. Yayanta Ghali yana gari, ya zo sayen jakunkunan mata da yake kaiwa Kano, kuma ya saba tafiya da ita kasuwar jakunkuna ta Shiling don ta yi masa tafinta. Suka hau mota suka bar gari. A shagon farko ta juya masa magana baibai sau biyu, mai shagon yana ta cewa "meiyou", babu, ita tana ce wa Ghali akwai. Ghali ya ja ta wajen masu taliyar halal, ya sa aka kawo kwano biyu.

"Saude, lafiyarki kuwa? Tun safe kamar an yi miki mutuwa."

Ta faɗa masa komai. Ya ajiye tsinken cin taliyar.

"Wa ya gan ki?"

"Ba kowa, Yaya."

"Kyamara fa?"

"Tana baranda. Kuma ai dama kullum ina shiga."

"To ki kama bakinki. Abin da ya shekara casa'in a cikin silin, wa zai ce ke kika lalata shi? Dama ruɓaɓɓe ne."

"Yaya, amana aka ba ni."

"Na ji. Yanzu in kin faɗa, hoton zai dawo? Korar ki za su yi, su soke miki biza, ki koma gida hannu rabbana bayan shekara uku. Umma fa? Kuma ba ke kaɗai abin zai shafa ba. Gobe in wani ɗanmu ya nemi gurbi a wurin nan, cewa za a yi baƙar fata ba a ba su makulli. Kin san halin garin nan, ni na fi ki daɗewa ina zuwa." Ya sassauta murya. "Niyyarki mai kyau ce. Ki yi istigfari, ki bar wa Allah."

Ba ta ce ta yarda ba, ba ta kuma ce ba ta yarda ba. Taliyar ta huce a gabanta.

Farfesa Liang ta dawo ranar Laraba. Ko jakarta ba ta ajiye ba ta nufi akwatin gilashin. Ta leƙa, ta sake leƙawa, ta sa safa ta fito da faifan. Saudat tana tsaye a bayanta. Malamar ta juya shi, ta ga yadda zagayen waje ya narke ya cakuɗe. Ta buɗe littafin ma'auni ta bi layi-layi. Komai daidai.

"Ni ce," ta ce a hankali. "Maganin ya yi masa ƙarfi. Da na rage. Shekara talatin ina wannan aikin."

Ta cire tabarau ta zauna a kujera. Saudat ba ta taɓa ganin ta zaune a ɗakin nan ba. Ta buɗe baki za ta faɗi gaskiya. Abin da ya fito shi ne, "Malama, in kawo miki shayi?"

Kwana biyu tana zuwa aiki tana gaishe da matar nan, tana kallon ta tana rubuta rahoton da ta ɗora wa kanta laifi a ciki. Abinci ba ya shiga. In ta tsaya salla sai ta rasa raka'a ta nawa take. Ghali ya kira ta sau biyu, ta ƙi ɗauka.

Ranar Juma'a da hantsi Farfesa Liang ta ce ta ɗauko kwamfuta, za su je asibiti su nuna wa Popo abin da ya samu, ita malamar kuma ta ba iyalin haƙuri da bakinta.

Popo ta rame, robar iska a hancinta, amma idonta biyu. A bakin ƙofa malamar ta yi wa Mista Lo bayani, ta sunkuyar da kai ƙasa sosai, ta ce kuskurenta ne. Ya ce ba komai, sun yi iya ƙoƙarinsu. Aka ɗora kwamfutar a teburin cin abinci na gado. Kogi ya fito, kwalekwale ya fito, ɗakin ya yi tsit.

Tsohuwar ta matso da fuskarta har hancinta ya kusa taɓa gilashi. Ta yi tambaya.

"Ta ce wacce ce a ciki?"

Saudat ta nuna da yatsa. "Ga ta nan, mai hula."

Popo ta bi 'yar ƙaramar siffar da ido har minti goma sha ɗayan suka ƙare. Ta sa aka maimaita. A karo na biyu, duk lokacin da yarinyar ta juya kamar za ta fuskanto, sai tsohuwar ta karkata kai tana leƙen ƙarƙashin hular. Da ya ƙare ta koma ta kwanta, ta yi magana tana kallon silin. Mista Lo bai fassara nan take ba, sai da ya share ido.

"Ta ce ba komai. Dama so take ta san ko tana kama da ita."

"Kuna kama," in ji Saudat.

Ba ta shirya faɗa ba. Mista Lo ya juyo, Farfesa Liang ta juyo. Saudat ta riga ta fara, sai ta matsa bakin gadon.

"Ka gaya mata na gan ta. Goshinta faffaɗa ne irin nata. Tana da tawadar Allah a ƙasan idon hagu, an shafa hoda don a ɓoye amma ana gani. Girarta ta dama ta fi ta hagu ɗagawa. Tana da 'yar wushirya. An kwantar da ita a matashi wai tana bakin mutuwa, gashinta a warware. Amma akwai hotuna uku ko huɗu a jere da gefen bakinta ya motsa, kamar wani a bayan mai ɗaukar hoton ya ba ta dariya tana dannewa."

Mista Lo ya fassara jimla-jimla, muryarsa na sauyawa yana tafiya. Popo ta ɗaga hannu ta taɓa ƙasan idonta na hagu. Sai ta yi wata 'yar dariya da ta zame mata tari. Da tarin ya lafa ta yi magana.

"Ta ce babanta ya sha faɗa, matar nan ba ta iya riƙe dariya, ko a wurin makoki." Ya ajiye maganar mahaifiyarsa, ya dubi Saudat sosai. "A ina kika gan ta?"

"A faifai na bakwai. Da ka kira ni, na buɗe shi tun lokaci bai yi ba. A hannuna ya lalace. Ba maganin ba ne, ba Farfesa ba ce."

Ba wanda ya fassara wa Popo wannan. Ta riƙe hannun Saudat tana ta tambaya: kunnenta fa, akwai ɗan kunne? Wuyanta dogo ne? Saudat ta amsa abin da ta tuna, inda ba ta tuna ba ta ce ba ta lura ba. Mista Lo ya ci gaba da fassara, bai sake kallon ta ba.

A baranda Farfesa Liang ta tsaya gaban taga.

"Buɗewar na gane ta," ta ce. "Ina ƙarama na taɓa yin irinta. Amma kwana biyu kina kawo min shayi." Ta miƙo tafin hannu. Saudat ta ciro makullin ta ɗora mata.

Ba a kore ta ba. Kwamitin sashe ya zauna, aka rubuta mata gargaɗi, aka hana ta shiga ɗakin gyara, aka canza mata batun bincike, wanda ya ƙara mata shekara guda. Ta ji daga baya malamar ce ta hana a wuce haka, duk da cewa tun daga ranar magana tsakaninsu ba ta wuce ta aiki. Ghali ya yi faɗa a waya kamar zai ari baki, washegari ya zo ƙofar makaranta da ledar kilishi, bai sake tayar da zancen ba.

Abin da ya fi ci mata rai daga baya ya zo. Popo ba ta mutu a satin nan ba. Ta warware, an sallame ta, ta koma gidanta na Liwan ta ƙara wata biyu da kwanaki kafin ta cika. Da an bar faifan ya yi sati shidansa, da ta ga mahaifiyarta da idonta. Ranar da Saudat ta ƙirga kwanakin ta gane haka, a tashar jirgin ƙasa take. Ta zauna a benci, jirage huɗu suka zo suka wuce ba ta tashi ba.

Bayan rasuwar, Farfesa Liang ta kira ta ofis ta ajiye mata takarda da biro. Ta ce ta rubuta duk abin da ta gani a faifan, hoto bayan hoto, kada ta ƙara, kada ta ƙawata, ta kuma rubuta yadda aka yi ya lalace, ta sa hannu. Cikin faifan da bai narke ba an ceto minti biyu, jana'iza ce da saurayin tsaye a bakin kogi. Na fuskar kuwa, rubutun nan kaɗai za a ajiye.

Da sanyi ya shigo aka nuna fim ɗin a wani ƙaramin zaure a Liwan, wata ɗaliba tana kaɗa fiyano. Mutanen ba su kai ɗari ba, yawancinsu tsofaffin unguwa. Saudat ta zauna a layin ƙarshe, Ghali a gefenta, ya ɗaga tafiyarsa Xintang sayen wanduna don ya raka ta. Mista Lo ya shigo da iyalinsa, ya wuce ta gabansu, ya gan ta sarai, bai tsaya ba.

Da aka zo wurin jinyar yarinyar, allon ya yi baƙi, farin rubutu ya fito, mai fiyano ta ɗauke hannu. Mutane suna karantawa, wasu suna motsa leɓe. A ƙasan rubutun akwai sunanta da haruffan boko.

Ghali ya sunkuyo. "Saude, ga sunanki can. Me aka rubuta?"

Ta soma karanta masa ƙasa-ƙasa da Hausa. Ta karanta layin goshi, ta karanta na gira. Da ta zo layin ƙarshe, wanda ya ce wadda ta ga hotunan ita ce ta lalata su, sai ta tsaya. Wata tsohuwa a gabansu ta waiwayo ta kalli mayafinta, ta kalli allon, ta sake kallon ta.

"Ƙarasa mana," in ji Ghali.

Ta ƙarasa masa. Ya gyara zama ya matso kusa da ita. Rubutun ya ɗauke, aka nuna masu ɗauke da makara, kiɗa ya ci gaba.